Giɓin da Aka Sa Zarto Ya Bari

Aikin Zarto shi ne ya ƙera abu a karya shi. Ba zolaya ba ce, aikin da ake biyansa albashi a kai ke nan. Shekara ashirin da bakwai ya yi a cibiyar binciken gine-gine, a ɗakin aikin katako da ke can baya kusa da tankin ruwa, kuma duk ginshiƙin da ya haɗa, duk gungumen da ya manne, ƙarshensu ɗaya ne. A ɗauka a kai babban zaure, a sa ƙarƙashin injin matsa, a yi ta dannawa har katakon ya yi ƙara ya tsage. Masu fararen riguna su leƙa agogon injin, su rubuta lamba, su ce madalla. Shi kuma ya shigo da tsintsiya da baro ya kwashe.

Ba iyayensa suka raɗa masa Zarto ba, bakinsa ne ya jawo masa. In ya fara yankan mutum da magana ba ya tsayawa sai ya raba shi biyu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ɗan yatsansa na hagu guntule, kullum da fensirin kafinta, irin mai faɗin nan, a bayan kunne. A aljihun rigarsa kuwa akwai reza naɗe a takarda, kuma rezar nan ita ce tushen duk rigimar rayuwarsa.

A wurin kawunsa ya gaje ta. Kawun nan kafinta ne da bai iya zagi ba, bai iya duka ba. In ka haɗa katako biyu ka kawo masa, sai ya zaro reza ya bi mahaɗar da ita. In ta shiga ko da bakinta ne, sai ya ɗauki guduma ya wargaza aikin a gabanka, ya ce, “Sake.” Kalma ɗaya tak. Shekara tara Zarto yana jin kalmar nan, har ta zame masa jini. Ya fito da hannun da duk garin babu irinsa, da kuma halin da babu mai iya zama da shi. Shago uku ya buɗe, uku suka mutu, don mai son kujera ran Laraba ba zai jira ta har wata ya mutu ba saboda wata mahaɗa da ke ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Da cibiyar ta nemi kafintan da ba ya kuskuren awo, kowa ya ce ga naku can, ku ɗauke mana shi.

Matarsa tela ce, kuma Tela yake kiranta tun suna saurayi da budurwa. Ita kaɗai ke iya taka masa burki, shi ma ba kullum ba. Ranar da suka je gaida surukan babban ɗansu, ta juya ta gan shi tsugune gaban kabad ɗin mutane yana zura reza a kusurwa.

“Baban yara, don girman Allah ka tashi,” ta ce ƙasa-ƙasa.

“Wane maƙiyin Allah ne ya yi musu wannan aikin?” ya ce da ƙarfi.

Ashe ƙanen mai gidan ne, kuma yana zaune a wurin. Sai da aka shekara ana gyaran maganar.

Cikin ’ya’yansa biyar Auta ce ta ɗauko bakinsa, shi ya sa ya fi sonta, shi ya sa kuma suka fi faɗa. Malamar firamare ce a wata makaranta da ke matse tsakanin kasuwa da titi. Yara tamanin da huɗu gare ta a aji ɗaya, ƙarƙashin kwano marar silin. In rana ta take, yaran na narkewa a kan benci, ita kuma ta dawo gida murya a shaƙe, ciwon kai kamar ya fasa mata ido.

Ana nan sai Dakta ta zo cibiyar. Injiniya ce, sa’ar babban ɗansa, siririya mai magana a hankali, kuma tun ranar farko Baba take ce masa. Ta zo da wani tunani da Zarto ya ɗauka hauka ne. Wai a ɗauki ƙananan itatuwan gandu, irin waɗanda ake shukawa a sare a sake shukawa, waɗanda ba a ɗauke su bakin komai ba sai turakun shinge da itacen girki, a tsaga su falankai, a busar, a shafa gam, a jera layi biyar, wannan a miƙe wancan a gicciye, a matse su zama allo guda mai kaurin taƙi, mai tsawon motar bas. Da allunan nan, in ji ta, za a yi bango, a yi daɓe, a yi bene, ba siminti ba rodi, kuma ba a taɓa tsohon daji ba.

“Wannan ai littafi ne, ba katako ba,” in ji Zarto. “’Yata, an cuce ki a makarantar da kika yi.”

Amma ya manne mata, don aikinsa ne. Ranar da aka sa allon farko ƙarƙashin inji, ya jingina da tsintsiyarsa yana jiran ƙarar da ya saba ji. Injin ya yi ta gurnani, allurar agogo ta wuce inda take tsayawa, ta ƙara wucewa, allo ko gezau. Da ƙyar da jiɓin goshi ya tsage. Zarto ya kwashe tarkacen ya tafi gida. Washegari aka iske shi tun kafin kowa ya zo yana tsintar falankai ɗaya bayan ɗaya, yana ware masu ƙulli. Shekara shida suka yi a haka, ita da lissafi, shi da gam da gumi, suna faɗa kusan kullum.

A shekara ta bakwai maganar makarantar su Auta ta taso. Fili ya ƙare, sai dai a hau sama, ga shi ƙasar wurin cike ce, tsohon kududdufi, ba za ta ɗauki nauyin benen siminti hawa uku ba. Katako kuwa ba shi da wannan nauyin. Hukumar makarantar ta yarda, cibiyar ta yarda, aka fitar da zane. Auta ta gano ajinta a takarda, hawa na farko, ɗaki na biyu daga matakala. Zarto ya karɓi takardar ya ƙura mata ido. Saura masa shekara ɗaya da ’yan watanni ya yi ritaya, kuma ga shi a karo na farko aikin hannunsa zai tsaya a duniya, mutane su shiga su fita, ’yarsa ta tsaya a kansa ta koyar.

Saura hatimi ɗaya, na jami’in da ke ba da izinin gini. Mai Hatimi suke ce masa, dogo mai tabarau, ba ya dariya. Ya juya takardun ya ture.

“Bene na katako, da yara a ciki? Dakta, abin da matata ke hura wuta da shi fa kike nufi.”

Ta yi masa bayani cewa katako mai kauri ba ya ci kamar kara, bayansa ne ke zama gawayi, gawayin ya tsare cikin. Ya ce shi bai iya sa hannu a kan bayani ba. A gina ɗaki guda, girman aji sosai, a rufe shi da allunan da za su zama daɓen bene, a cinna masa wuta a gabansa. In an yi minti casa’in wuta ba ta ɓullo sama ba, zai sa hannu.

Kai, ranar Zarto ya yi yanka! Ya ce mutumin da bai san bambancin katako da kwali ba shi ne zai hana su aiki. Ya ce an ba gungume hatimi. Ya ce shekara ashirin da shida ana karya masa kaya ya haƙura, yanzu kuma an ƙaro masa da ƙonawa. Har masu gadi sai da suka ji.

Amma ya gina. A filin bayan cibiyar ya tayar da bango huɗu, injin ɗaga kaya ya ɗora alluna huɗu a sama. A nan ne idonsa ya faɗa kan wani ɗan rubutu a gefen zanen Dakta: tsakanin allo da allo, giɓi na iya kaiwa milimita shida. Ya karanta, ya goge ido ya sake karantawa. Milimita shida! Kaurin fensirinsa ke nan a kwance. Shi, rainon kawunsa, a ce ya bar ramin da fensir zai shige? Ya yi tsaki. A ransa ya ce an rubuta wannan ne don ragwaye, ba da shi ake ba.

Dakta ta tafi taro na kwana uku. Zarto ya sa aka sauke allunan, ya fere bakunansu da hannu har suka yi sumul, ya yanka kwari a gefen kowanne, ya feƙe wani dogon siririn katako ya zura a tsakani ya haɗa su, ya shafe da gam. Da aka mayar, ya bi mahaɗar da reza daga wannan bango zuwa wancan, ko bakinta bai shiga ba. Bai gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, wallahi, shi dai bai ga abin faɗa ba. Kafinta ya yi aiki mai kyau, labarin me za a ba wa? Kafin ya sauko, ya auna daga bangon gaba, ya zana murabba’i da fensir a kan daɓen, daidai inda teburin malama zai zauna. Mahaɗar tsakiya ta ratsa ta cikin zanen.

Ranar gwaji aka cika ɗakin da tsofaffin bencina da tarin itace, motar kashe gobara ta tsaya a gefe, aka ja igiya. Ƙarfe goma na safe aka cinna. Aikin Zarto shi ne ya tsaya a kan dandamalin ƙarfe a gefen rufin, riƙe da doguwar sanda mai ɗauke da dunƙulen auduga a baki. Duk minti biyar ya miƙa audugar a kan mahaɗa. In ta kama wuta, an faɗi, ƙa’idar ke nan. Wuta ta yi ta ruri a ƙasa, tana fitowa ta taga kamar za ta cinye sama. Minti talatin, sittin, casa’in. Aka kai awa biyu, auduga fara fat. Da aka kashe wutar, Dakta ta kankare gawayin bango da wuƙa, sai ga farin katako a ciki yana ƙamshi. Mai Hatimi ya cire tabarau ya goge, ya ce a kawo masa rahoto.

Ranar Zarto bai taka ƙasa ba. Ya shiga gida yana kiran Tela tun daga ƙofa, ya ba da labarin sau huɗu, kowane karo wutar na ƙara tsawo. Auta ta yi tsalle ta rungume uwarta. Shi kuwa ya kishingiɗa ya ce, “To, a je a gaya wa mai tabarau.”

Kwana huɗu murnar ta yi. A rana ta biyar aka yanka rufin don a auna zurfin gawayi, aka kai wa Dakta guntun. Ta aika a kira shi. Ya iske ta tsaye, guntun a kan tebur, yatsanta a kan ɗan siririn katakon da ya fito fili a tsakiyar yankan.

“Baba, wa ya sa wannan?”

“Ni mana,” ya ce, har da murmushi. “Kin ga reza ba ta...”

“Babu shi a zane.”

“Zanenki ya ce a bar rami. Na rufe miki. Godiya za ki yi ko tuhuma?”

Ta zauna.

“Baba, ba ɗakina muka ƙone ba. Hannunka muka gwada, kuma kowa ya san hannunka. Wa zai gina makarantar? Kai?”

“In an ba ni.”

“Alluna ɗari biyu da arba’in ne. Kafintocin ɗan kwangila za su ɗora su, mutum ashirin, injin haya na jiransu, hadari na binsu a baya. Wa zai tsaya ya fere baki da hannu a cikinsu? Giɓin nan ba don ina sonsa na rubuta ba, don na san za a bar shi ne. Dole a sake gwajin.”

Nan fa zuciya ta ɗebe shi. Ya ce allunan gwajin da suka rage su ne na ƙarshe, in an ƙone su sai an jira wata shekara kafin wasu falankan su bushe. Ya ce katakon dai shi ne katakon, ɗan ramin fensir me zai hana, me zai ƙara? Da ya ga ba ta motsa ba, sai ya sassauta murya, ya faɗi abin da har yau in ya tuna yake jin kamar ya haɗiyi zuciya.

“Wa ya gani? Ni da ke ne. Mai tabarau ya ga wuta da idonsa, ya gamsu. Ki jefa guntun nan a baro, ki rubuta rahotonki.”

“Ba zan iya ba, Baba.”

“Ke! Ke da ko ƙusa ba ki taɓa bugawa ta miƙe ba, ke za ki koya mini haɗa katako?”

“Shi ya sa nake zana wa irina,” in ji ta. “Irinka ɗaya ne, kuma wata takwas ya rage maka.”

Ya buga ƙofar har sai da allon sanarwa ya faɗo. A ranar ta rubuta wa Mai Hatimi cewa gwajin farko bai inganta ba.

Kwana uku ya ƙi zuwa aiki. Ya zauna a tsakar gida ya sha toka, yana zagin boko da ’yan boko da duk wanda ya ƙirƙiro milimita. Auta ta dawo daga makaranta, gumi ya jiƙe mata baya, ta ji labari, ta ajiye jaka ta tsaya a kansa.

“Baba, kai aka ce ka bi zane, ko zane aka ce ya bi ka?”

“Ke ma?”

“Ni ma! Yau yara biyu suka suma mini. Kai kana can kana faɗa da fensir.”

Ta shige ɗaki. Tela na kan kekenta, ba ta ɗago ba, ƙafarta na ta aiki. Sai da ta kai ƙarshen layi ta ciji zare, sannan ta ce, “Ni dai in na ɗinka wandon makaranta, ba yaron da ke zama shiru nake tunawa ba. Mai hawa katanga nake yi wa.”

“Wa ya tambaye ki?”

“Babu. Ga shayinka nan yana hucewa.”

Ya koma aiki ran na huɗu, ba don ya yarda ba, don kada a ba wani ya taɓa masa alluna. Kuma a duk rayuwarsa bai taɓa yin aikin da ya wahalar da shi kamar wannan ba. A ce wa mai hannu irin nasa ya yi aikin banza da gangan! Injin ya sauke allo, hannunsa da kansa ya kai ga guduma zai matse, sai ya tuna. Ya ciro fensirin daga bayan kunne, ya soka shi a kwance tsakanin allunan, ya sa aka tura har suka cije shi, ya ɗaure sukurori, ya zare. Ya leƙa ramin ya hango hasken ƙasa siriri. Dakta ta hau da abin awo, ta ce, “Shida daidai. Sannu, Baba.” Ya tofar da yawu gefe.

Amma ko kusa bai ɗauka akwai haɗari ba. Muni kawai ya gani, da ɓarnar katako, da taurin kan yarinya. Don ya nuna mata, ya sake zana murabba’in teburin malama a inda yake, ya danna fensirin sosai yadda za a gani daga nesa. Ya kuma ce wa Auta ta nemi izini ta zo ta kalli yadda za a ƙone shekara guda a banza.

Ta zo, ta tsaya bayan igiya kusa da Mai Hatimi. Aka cinna ƙarfe goma kamar wancan karon. Zarto ya hau dandamali da sandarsa, fuska a murtuke. Minti ashirin, auduga fara. Ya juyo ya ɗaga wa Dakta ita, ya girgiza don ta gani da kyau.

A minti na ashirin da biyar wani zaren hayaƙi ya taso daga mahaɗar tsakiya. Ya ce a ransa tururi ne. A minti talatin da biyar audugar ta dawo da launin ƙasa-ƙasa, gefen ramin ya yi baƙi. Ya canza sabuwa. A minti arba’in da ɗaya ya miƙa sandar, bai ko ƙirga uku ba audugar ta yi fuu ta kama. Wani harshen wuta, bai fi tsawon hannu ba, ya leƙo ta cikin giɓin, a tsakiyar murabba’in da ya zana, daidai inda ƙafafun mai zama za su kasance.

“An faɗi!” wani ya yi ihu. “A kashe!”

Zarto bai motsa ba. Yana nan riƙe da sanda, audugar ta cinye, yana kallon layin fensirinsa na murɗewa yana baƙi. Sai da ɗan kwana-kwana ya fizgo rigarsa ya sauko. Ya zauna a kan bulo. Abin da ke yawo a kansa ba wutar ba ce, muryarsa ce a ofishin Dakta, a sassauce, tana cewa wa ya gani, ki jefa a baro. Da ta ji maganarsa, da yanzu an fara haƙa harsashi. Da an ɗora alluna ɗari biyu da arba’in, kowanne da raminsa, an jera bencina, an kawo teburin malama an ajiye.

Mai Hatimi ya rufe fayil ɗinsa. Bai yi dariya ba, bai ce na faɗa ba. Ya ce wa Dakta, “Ki gyara ki dawo, ina nan.” Wannan ma ya ƙara ƙona ran Zarto, don ya so a ce mutumin ya yi wani abin da za a zage shi.

Auta ta tsallako igiya ta zo ta tsaya gabansa. Ta dubi rufin da ke ɗigar baƙin ruwa, ta dube shi.

“Baba, zanen can na mene ne?”

Ya kau da kai daga kallonta. Ta gane. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ciro hankici ta goge masa tokar da ke goshinsa, da ƙarfi, kamar yadda take yi wa ’yan ajinta.

Kada wani ya ɗauka haƙuri ya je ya ba Dakta. Zarto bai iya ba, kuma bai koya ba. Washegari ya banka ƙofar ofishinta, ya watsa zanen a kan tebur.

“Wannan mahaɗar taki banza ce.”

“Na gani, Baba.”

“Banza ce ta ƙarshe! Za ki zana wadda ko jaki aka ba ya haɗa, wuta ba za ta samu hanya ba. Ki zana, ni zan zama jakin.”

Haka ya ƙare watanninsa bakwai na ƙarshe a cibiyar. Ta zana mahaɗa, shi ya haɗa ta yadda mafi lalacin kafinta zai haɗa. Ya tsallake sukurori, ya juya allo baibai, ya bar ƙasa da tsakuwa a cikin kwari, ya manta gam da gangan, ya buga da guduma inda ya kamata a lallaɓa. Shekara arba’in yana zura reza a aikin mutane yana zaginsu, ashe duk ha’incinsu ya haddace, babu wanda ya ɓace masa. Yana yi yana tsine wa kansa, yana tsine wa kawunsa da ke kabari, wanda ya koya masa yadda ake aiki mai kyau bai taɓa gaya masa cewa duniya cike take da masu yin akasin haka ba, kuma su ne ke gina ta. Mahaɗa goma ya kayar mata a ƙaramar tanderun gwaji. Ta goma sha ɗaya, mai baki kamar matakala, allo na hawa kan allo, ya yi mata duk wulaƙancin da ya iya, ta ƙi faɗuwa.

Babban gwajin sai baɗi, in falankai sun bushe, kuma ba shi zai riƙe sandar auduga ba. Ritaya ta riske shi. Auta na nan ƙarƙashin kwano, yaranta sun zama tamanin da tara, in ta dawo da ciwon kai ba ya iya haɗa ido da ita. Shekara guda ya ci mata, ya sani, ita ma ta sani, babu mai faɗa.

Ranar sallamarsa aka yi ɗan taro, aka tambaye shi abin da yake so ya tafi da shi. Ya ce ba ya son agogo, ba ya son takardar yabo. Ya je bayan tankin ruwa inda ake zubar da tarkace, ya tono guntun rufin na biyu, wanda aka yanka daga tsakiya, ya ɗora a baro ya tura har titi.

Yana nan a ɗakinsa, jingine da bango kusa da gado. Ƙasansa gawayi, samansa fari, da rabin murabba’in fensir, da giɓin a tsakiya baƙi ƙirin. Tela ta yi faɗan yana ɓata mata zanin gado har ta gaji. Cikin duk abin da ya ƙera a shekara ashirin da bakwai, wannan kaɗai ya tsira.

Kwanan baya surukin nan nasa mai kabad ya zo duba shi, tare da ƙanensa kafinta, wanda har yau bai manta ba. Idon kafintan ya faɗa kan guntun. Ya tsuguna, ya zura ɗan yatsa a cikin ramin, ya ɗago fuska cike da daɗi.

“Kai, Baba, wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan aikin?”

Tela ta tsayar da kekenta. Zarto ya dubi giɓin.

“Ni ne,” ya ce. “Cire hannunka.”